Tambaya da Amsa: Aure da Iyali a Gidan Soja

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan gidan soja suke: masu shirin ba da 'ya, matan da ke zaune a bariki, da waɗanda aka bari da marayu. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, mun sakaya sunayen masu su. Abin da ya shafi dokar aiki na sojan Nijeriya ne, hukuncin shari'a kuwa a kan mazhabar Malikiyya muka kawo shi.

Tambaya: Wani kofur da ke aiki a Borno yana neman 'yata. Ya ce ba zai samu zuwa ba, a ɗaura da wakilinsa. Hakan ya halatta? Me kuma ya kamata in bincika? (Wani uba, Funtuwa)

Amsa: Baba, ya halatta. Muddin akwai waliyyi da sadaki da shaidu biyu da siga, yarinya kuma ta yarda, rashin ango a wurin ba ya ɓata komai. Ai ko yana gari wakili ne ke karɓar masa. Inda aikin yake shi ne wajen bincike.

Fara tabbatar da cewa sojan ne, domin kaki ba shaida ba ne. A karɓi lambar aikinsa da sunan bataliyarsa, a tura dattijo barikin da bataliyar take da mazauni. Ko an kwashe su zuwa daga, ana barin waɗanda ke riƙe da bariki. Limamin bariki da samanja sun san wanda ke da mata a gida, sun san mai bashi, sun san mai shaye-shaye.

Sai maganar izini. Soja ba ya yin aure sai ya rubuta takardar neman izini, ta bi ta hannun na gaba da shi har ta kai ga kwamanda. Wanda aka ɗauka ta Defot ɗin Zariya ko makarantar hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, a matsayin marar aure aka ɗauke shi, kuma sai ya yi wani wa'adi a bakin aiki kafin a sa masa hannu. Ka ce ya turo maka hoton takardar amincewar. Auren da aka ɗaura babu ita ingantacce ne a shari'a, amma runduna ba ta san da shi ba: babu ɗaki a bariki, babu katin asibiti, kuma ranar da wani abu ya faru 'yarka ce za ta yi ta yawo tana neman shaidar cewa matarsa ce.

Kada a tsallake gwajin jini don ango yana nesa, akwai asibitin soja inda yake. Idan su biyun AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma jinyar mai sikila ga macen da mijinta ke daji ba ƙaramar jarabawa ba ce. A Jihar Kano ma gwajin kafin aure ya zama doka tun 2024.

A yanke maganar mazauni a gaban shaidu kafin a shafa fatiha. Ba a kai iyali fagen daga. To ina za ta tare? Gidan iyayensa, ko haya, ko ɗakin bariki idan an samu? Wa zai riƙa yi mata cefane? Yawancin rigingimun shekarar farko daga wannan "a bari sai ya dawo" suke tasowa.

Bayan ɗaurin aure a karɓi takardar shaida daga kotun shari'a ko masallacin da ke bayarwa. Shi kuma ya kai ta ofishin bataliya a buga auren a sanarwar da sojoji ke kira Fat Tu Oda, wadda a cikinta ake shigar da aure da haihuwa da ƙarin girma, sannan ya sabunta fom ɗin na-kusa, wato takardar da soja ke rubuta sunan wanda za a sanar in wani abu ya same shi, ya yi mata rajistar inshorar lafiya. A lura da rubutun suna. In takardar aure ta ce Hauwa'u, katin NIN ya ce Hauwa, BVN ya ce Kulu, to wata rana banki zai ce mutum uku ne.

Tambaya: Maigidana ya fi shekara a daga. Kuɗin abinci ta hannun yayansa yake biyowa, wani watan ya zo rabi, wani watan shiru. Ba na son haɗa su faɗa. (Matar soja, Kano)

Amsa: 'Yar'uwa, ciyarwarki da ta yaranki wajibi ce a kan mijinki yana gida ko yana daji, kuma neman ta iso hannunki kai tsaye ba haɗa faɗa ba ne. Kada ki buɗe maganar da zargin yayansa. Ki ce masa kina son a sauƙaƙa wa kowa.

Ki buɗe asusu da sunanki, da layin wayarki. Shi kuma ya ba bankinsa umarnin tura adadi kaza duk wata ba tare da ya taɓa waya ba. Ana cike takardar a reshe, wasu bankunan kuma a manhajarsu ake yi. A sa ranar ta zama kwana biyu ko uku bayan lokacin da albashi ya saba shiga, don idan umarnin ya tarar da asusu babu kuɗi ba zai tafi ba. Kason mahaifiyarsa a yi masa nasa umarnin daban zuwa gare ta. Da zarar an raba hanyoyin nan biyu, babu wanda zai ce wani ya ci rabon wani.

Ba mu goyon bayan a bar wa mace katin ATM ɗin miji a ce an gama. Kati yana ƙarewa, na'ura tana haɗiye shi, kuskuren lamba sau uku yana toshe shi, layin da za a gyara da shi kuma yana can aljihun mai shi inda babu sabis.

Ku gina cefane a kan albashi kawai. Alawus ɗin daga yana makara, kuma ranar da aka dawo da shi bariki ya tsaya. Gidan da ya saba cin albashi da alawus tare, shi ne ke faɗawa bashin kantin kasuwar bariki wata biyu bayan dawowar maigida. Alawus na fili ne da bulo da kuɗin makaranta. Ki kuma tambaye shi ko akwai rancen banki ko na ƙungiya da ake cira daga albashinsa, domin sau da yawa "rabin" da ke zuwa ba yayan ne ya rage ba, tun daga tushe aka yanke.

In kin yi magana ba a gyara ba, bariki yana da hanyarsa: Magajiya, shugabar matan sojoji, ita za ta kai ki wurin samanja, shi kuma ya kai gaban kwamanda. Dokar Sojoji ta ba hukuma damar cire kuɗin ciyar da mata da 'ya'ya daga albashin wanda ya yi sakaci. Amma a fara da waliyyinki da liman, hanyar bariki ta ƙarshe ce.

Tambaya: Ya hana ni sa hotonsa da kaki a Facebook da TikTok. Ba kishi ba ne kuwa? (Amarya, Gusau)

Amsa: Ba kishi ba ne, ki bi maganarsa. Hoto yana nuna bajen bataliya da suna da wurin da aka ɗauka. Rubutu irin "Allah Ya kai ku lafiya, gobe za su tashi" ya sanar da duniya ranar da ayari zai hau hanya. Sojoji suna da dokar amfani da kafofin sada zumunta, ana kuma hukunta su a kanta. Daga irin hotunan nan ne 'yan damfara ke samun suna da muƙami, su bugo miki waya cewa an harbe shi, a turo kuɗin jini yanzu-yanzu. Runduna ba ta neman kuɗin jinya a waya. In kin ji irin wannan kira, ki kashe ki nufi ofishin bataliya.

Tambaya: Mata biyu gare ni, uwargida a bariki, amarya a garinmu. In an ba ni fas, wato izinin zuwa gida, na mako biyu yaya zan raba kwana? Uwargida ta ce sai na rama mata kwanakin da na yi a daga. (Saje, Sakkwato)

Amsa: Saje, kwanakin da ka yi a bakin aiki ba na kowa ba ne a cikinsu, ba a rama su. Abin rabawa shi ne dararen da suka rage bayan an cire na hanya. In fas ɗin kwana 14 ne, tafiya ta ci huɗu, to biyar-biyar ne. Asalin rabo kwana ɗaya-ɗaya ne, amma tunda garuruwa sun bambanta, sai a haɗa su a jere. Wadda aka fara da ita wannan karon, a fara da 'yar'uwarta a karo na gaba, kuma ka faɗa musu tun kafin ka taso. In wata ta yafe kwananta da son ranta ya halatta, tana kuma da ikon janyewa.

Inda muka fi jin tsoro shi ne takardu. Inshorar lafiyar soja da DHML, kamfanin inshorar lafiya na sojoji, ke gudanarwa tana bin tsarin ma'aikata na ƙasa: ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Ke nan amarya da 'ya'yanta suna waje sai ka shigar da su a matsayin ƙari ko ka yi musu ta jiha. Kada a yi dabarar kai amarya asibiti da katin uwargida. Fayil ɗin yana ɗauke da rukunin jinin wata da tarihin cutar wata, kuma a ɗakin haihuwa wannan kuskuren yana iya cin rai. Auren na biyu shi ma a buga shi a sanarwar bataliya, haka kowace haihuwa, tare da takardar Hukumar Ƙidaya.

Tambaya: Ya dawo bayan shekara biyu a Arewa maso Gabas, amma kamar ba shi ba. Ba ya barci, ƙarar salansar babur sai ya zabura, yara ba su isa su yi wasa kusa da shi ba. Rannan na taɓa shi cikin dare ya shaƙe ni, da ya farka ya yi ta kuka. Surukata ta ce sammu ne. (Matar soja, Kaduna)

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka miki da haƙurinki. Abin da kika zayyana sanannen ciwo ne da likitoci ke kira PTSD, firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali. Jikinsa ya shekara biyu yana koyon cewa barci mai nauyi halaka ne, ƙara kuma hari ce. Ya dawo gida, jikin bai gane an dawo ba. Makonnin farko kusan kowa yana yin wani abu daga ciki. In ya wuce wata guda yana hana shi barci da zama da iyali, ya zama na asibiti.

Tun daga daren yau, kada ki ƙara tada shi da taɓawa. Ki tsaya daga bakin ƙofa, ki kunna fitila, ki kira sunansa har ya buɗe ido ya gane ki. A fitar da wuƙa da adda daga ɗakin kwana. Raba shimfiɗa na ɗan lokaci ba ƙaura ba ce, kariya ce gare ku duka. A gaya wa yara kada su faɗo masa ta baya. A rage masu zuwa sannu da zuwa suna tambayar "mutum nawa ka kashe". In ya fara ba da labari da kansa ki saurara, in ya yi shiru kada ki tona.

A fara da asibitin bariki, su tura shi gaba. A Kaduna akwai Asibitin Sojoji na 44 da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Akwai irinsa a Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato. Maganin zama ne da ƙwararre mako-mako, wani lokaci da ƙwaya. Ƙwayar takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinta, kuma nan ne mutane ke yar da ita su ce ba ta yi. A gaya wa likita idan bam ya taɓa tashi kusa da shi, domin ciwon kai da mantuwa da ƙarar kunne suna iya zama daga bugun da ƙwaƙwalwa ta sha. Babban abin gudu shi ne ya nemi barci a wurin tiramol ko kodin ko giya ko ƙwayar barci ta kemis. Suna kwantar da shi yau, su ninka ciwon gobe.

Kada ki yi jayayya da surukarki. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, ki roƙe ta a haɗa biyun. Da yawa suna ɓoye ciwon don kada a ce sun karaya, shi ya sa maganar takan fi shiga in ta fito daga bakin liman ko abokin da suka yi daga tare.

Amma in ya fara ambaton kashe kansa, ko ya ɗaga miki hannu ido biyu, ki kwashe yara ki fita a ranar, ki sanar da kwamandansa da iyayenki. Wannan ba tona asiri ba ne.

Ga masu shirin dawowa kuma: Annabi (SAW) ya hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa. A bugo waya. A kuma tuna cewa matar nan ita ta riƙe gida shekara biyu, kada a sauke jaka a fara rushe tsarinta. Yaron da aka bari a goye zai iya ƙin zuwa hannun ubansa, a ba shi kwanaki.

Tambaya: Mijina ya rasu a bakin aiki. Ya bar ni da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da mahaifiyarsa. Ashe sunan ƙanensa ne a fom ɗin na-kusa tun yana kurtu. Yanzu ƙanen ya ce duk abin da ya fito nasa ne. (Mai takaba, Bauci)

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa, Ya raya abin da ya bari. Maganar ƙanen ba ta da tushe. Na-kusa shi ne wanda hukuma za ta sanar, ta kuma miƙa wa haƙƙi a madadin iyali. Ɗan aike ne riƙe da amana, sa sunansa a fom bai mai da shi magaji ba. A shari'a ma ɗan'uwa ba ya cin gado inda akwai ɗa namiji. Ko da mamacin ya yi nufin wasiyya ce gare shi, ba ta wuce sulusi, kuma sai an tabbatar da ita.

Ga yadda rabon yake. A fara biyan bashi, har da ragowar sadakinki in akwai. A ce abin da ya rage naira 2,400,000 ne. Ke kina da tumuni, 300,000, kuma da ku biyu ne ko huɗu wannan tumunin za ku raba. Mahaifiyarsa tana da sudusi, 400,000. Saura 1,700,000 a kasa biyar: kowane namiji 680,000, mace 340,000. In kina da ciki a dakatar da rabo har ki haihu. Abin da hukuma ta ware da sunan wani takamaimai, kamar ɗaukar nauyin karatun marayun da ubansu ya rasu a bakin aiki, wannan ba ya shiga gado, na yaran ne.

Kada ki jira kuɗi su faɗa asusunsa sannan ki fara kuka. Waliyyinki ya rubuta wa kwamandan bataliya takarda yanzu, ya ambaci sunanki da na yara da na mahaifiyarsa, ya haɗa kwafin takardar aure da na haihuwa, ya karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A lokaci guda a shigar da maganar rabon gado a kotun shari'a, ita ce za ta kira ƙanen ta ɗora masa alhakin kawo duk abin da ya karɓa. Haƙƙoƙin ba daga ƙofa ɗaya suke fitowa ba, kuma ba rana ɗaya ba: akwai na Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, akwai inshorar rai ta ma'aikata, akwai na asusun walwalar runduna, akwai ragowar albashi da ajiyarsa ta ƙungiya. A nemi ofishin bataliya ya lissafo su, don kada a kawo ɗaya a ce shi ke nan. Takardar shaidar rasuwa da wasiƙar ta'aziyyar runduna, ki riƙe na asali, kwafi kawai za ki riƙa bayarwa. Duk wanda ya ce a ba shi kaso zai fito da kuɗin da wuri, a guje shi.

Takabarki, in ba ki da ciki, wata huɗu da kwana goma ce, a ɗakin da rasuwar ta same ki. Ɗakin bariki na hukuma ne, za a ba da wa'adin tashi. In ya faɗo cikin takaba ko tsakiyar zangon karatu, a nemi ƙari a rubuce ta hannun Magajiya. In bai samu ba, lalura ta halatta miki ƙarasawa a gidanku.

Sojojin da ke karanta wannan shafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda rabonsa da fom ɗin nan tun Defot, ya je ofis cikin makon nan ya gyara.

Tambaya: An kai wa sansaninsu hari, ba a ga gawarsa ba, ba a ji ɗuriyarsa ba, yau shekara biyu. Iyayena sun ce in yi takaba in yi aure. (Wata baiwar Allah, Potiskum)

Amsa: Kada ki fara takaba da kanki, kada kuma a ɗaura miki aure da maganar "ai kowa ya san ya mutu". Har yanzu matarsa ce ke sai alƙali ya yanke. An sha ganin wanda aka fid da rai da shi ya fito bayan shekaru.

Ki nemi runduna ta ba ki matsayinsa a rubuce: ɓatacce ne a wurinsu, ko sun ɗauke shi a matsayin wanda ya rasu? Da wannan takardar za ki je kotun shari'a. A Risala, matar wanda ya ɓace ana yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci. Lissafin kuwa daga ranar da ta kai ƙara aka gama bincike yake farawa, ba daga ranar ɓacewa ba, don haka zaman jira a gida ba ya rage miki komai. Wanda ya ɓace a fagen yaƙi hukuncinsa ya fi sauƙi: littafin Muhtasar na Malikiyya ya kawo shekara ɗaya bayan bincike a wata mas'ala, a wata kuma idda tana farawa da an tashi daga yaƙin. Alƙali ne zai duba wadda ta dace da ke, bayan ya ji shaidar waɗanda suka tsira daga harin. Wannan jiran duk ga wadda ake ciyar da ita daga dukiyar mijin ne. In albashi ya tsaya, babu mai ba ki abinci, kina da damar neman a raba auren saboda rashin ciyarwa, wannan kuma ba ya kai shekaru.

Maganar dukiya daban take da ta aure. Dokar Shaida ta Nijeriya tana ɗaukar wanda aka shekara bakwai ba a ji labarinsa ba a matsayin mamaci, don haka banki ba zai saki ajiyarsa ba sai da takardar runduna ko hukuncin kotu. Kada dangi su taɓa fili ko gida da sunan gado kafin nan.

In alƙali ya yanke, kika gama idda, kika yi aure har kika tare, ko mijin farko ya dawo auren na biyu yana nan. In ya dawo kafin tarewa, ke tasa ce. In kuwa babu hukuncin alƙali aka ɗaura, ranar da ya bayyana za a rushe na biyun ko da an haihu. Ki riƙe kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ki kuma kai ɗaya ofishin bataliyarsa a sa a fayil.